Gonar Sola: Rana Muna da Ita, Wa Zai Sayi Wutar?

(An rubuto daga faifan wata lacca da aka gabatar a Samaru, Zariya.)

Assalamu alaikum. Malamaina, iyayenmu da ke sahun gaba, ɗalibai, barkanmu da yamma. Na baya kuna ji na? To madalla.

In an ce gonar sola, ba farantai huɗun da ke kan rufin mai cajin waya a Kwangila ake nufi ba. Fili ne makeke, a jera farantai dubbai, wutar ta bi ta inbata da tiransifoma ta hau babban layi. Akwai irinta a Kano, mai megawat 10, a unguwar masana'antu ta Challawa, an buɗe ta a Janairun 2023. Jami'ar Bayero ma ta samu tata tashar tun 2019. Ta Bhadla a Indiya kuwa ta haura megawat 2,000.

To me ya hana mu? Ba rana ba ce dai, kowa ya san Afirilun Zariya. Farashin farantan ma ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari daga 2010 zuwa 2020.

A 2016 kamfanin gwamnatin tarayya mai sayen wuta a dunƙule, NBET, ya sa hannu da kamfanoni 14 za su gina gonakin sola na megawat 1,125, akasarinsu nan Arewa. An yi ciniki kan santi 11.5 na dala kowane yunit. Daga baya gwamnati ta ce ya yi tsada, a dawo 7.5, takardar lamunin da bankuna ke jira kuma ta maƙale. Shi banki tambayarsa ɗaya: in ka samar da wutar, wa zai biya ka, kuma in ya ƙi biya wa za a kama? Babu amsa, babu bashi. Haka aikin ya shiririce.

Ku dubi Jamus, wadda ranarta ba ta kama ƙafar tamu ba. A 2000 suka yi doka: duk wanda ya samar da wuta daga rana ko iska, dole a karɓa a layi, a kan farashin da ba zai motsa ba har shekara 20. An ɗora kuɗin a bil ɗin jama'a, sun yi ƙorafi ƙwarai, amma masu jari sun shigo.

Yanzu dama ta zo hannun jihohi. Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta ba kowace jiha ikon kafa hukumarta da tsara kasuwar wutarta. Ni a ganina, tallafin da ya fi amfani ba rabon farantai ba ne ana ɗaukar hoto. Jiha ta ce: asibitocina da matatun ruwana da sakatariya za su sayi wutarka shekara kaza, ga asusun da za a riƙa cire kuɗinka kai tsaye. Ta sassauta haraji, ta fitar da takardar fili ba tare da an yi shekara ana zarya ba.

Filin nan kuma, iyayenmu manoma, ku saurara. Megawat ɗaya kan ci kusan hekta biyu. Kar a ɗauke gonar masara mai kyau a Giwa ko Soba a miƙa wa mutum diyyar da za ta ƙare kafin kaka. A nemi fako, ko a yi haya, mai gona ya riƙa karɓar kuɗinsa duk shekara.

Ku ɗaliban injiniya, naku aikin ƙurar hunturu ce. In ta kwanta a kan gilashi wutar raguwa take, wanki kuma ruwa yake so, a daidai lokacin da rijiyoyi ke ja baya. Duk wanda ya kawo lissafin gonar sola babu kuɗin wanki a ciki, ku mayar masa ya sake.

Na ga an kusa kiran Magariba. Bari mu ɗauki tambaya biyu, mu fara da Hajiya can gefe.