Darasi: Yadda ake buga Terraforming Mars, da maganar sayen kati barkatai

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau wannan akwatin da ke gabana za mu buɗe, wasan Terraforming Mars ne, wani mutumin Suwidin mai suna Jacob Fryxelius ya tsara shi, kamfanin danginsu FryxGames ya fito da shi a 2016. Daga mutum 1 har 5 ake bugawa, kuma wallahi ina son wasan nan sosai, shi ya sa nake so ku fara shi da ƙafar dama.

Labarin dai shi ne, kowane ɗan wasa kamfani ne babba da aka ba aikin gyara duniyar Mars ta zama wurin da ɗan Adam zai iya zama. To bari in matso da kyamara kan allon ku gani. Abu 3 ake gyarawa. Ga ma'aunin zafi nan a gefe, yana farawa daga digiri 30 ƙasa da sifili, sai an kai shi digiri 8 sama da sifili, kowane taki digiri 2 ne. Ga iskar oksijin a sama, daga 0 zuwa kashi 14 cikin 100. Sai teku, tayil 9 ne shuɗaye, kuma ba ko'ina ake ajiye su ba sai a gurbin da aka ware musu. Da zarar ukun nan sun cika, a ƙarasa zangon da ake ciki, wato zagayen wasa da ke ƙarewa in kowa ya ce ya wuce, shi ke nan sai ƙidayar maki.

Yanzu ku kalli lambobin nan da suka zagaye allon. Sunan ma'aunin TR, wato Terraform Rating, ma'aunin gyaran da ka yi wa Mars, kowa daga 20 yake farawa. Duk lokacin da ka ɗaga zafi taki 1, ko oksijin taki 1, ko ka ajiye teku, sai TR ɗinka ya hau 1. Ku riƙe wannan da kyau don a kansa komai ke juyawa, TR shi ne albashinka a ƙarshen kowane zango kuma shi ne makinka a ƙarshen wasa. Wato takin da ka hau a zango na 2 zai yi ta biyanka kuɗi 1 a zango na 3, na 4, na 5, har a tashi, sannan kuma a ƙirga maka shi a maki, jifa ɗaya tsuntsu biyu.

Kayan aiki 6 ne a ɗan allon da ke gaban kowa, ba zan daɗe a nan ba. Kuɗi, sai ƙarfe wanda kowane ɗaya ke tsaya maka a madadin kuɗi 2 idan katin na da alamar gini, sai taitaniyom mai tsayawa kuɗi 3 a katin sararin samaniya, sai tsirrai, lantarki da zafi. Tsirrai 8 su ba ka tayil ɗin kurmi wanda ke ɗaga oksijin, zafi 8 ya ɗaga maka ma'aunin zafi. Lantarkin da ba ka kashe ba kuwa a ƙarshen zango zai koma zafi da kansa, ba a asararsa.

To mu zo kan kati, nan ne nake so mu zauna. Katunan sun fi 200, koraye ka buga su yi aiki nan take, shuɗaye su zauna gabanka suna yi maka aiki har ƙarshe, jajaye kuma abu ne da ke faruwa sau ɗaya sai a kife su. A farkon wasa za a miƙa maka kati 10 da kamfani 2 ka zaɓi ɗaya, daga nan kowane zango a ba ka 4. Amma fa ba kyauta ba ne, duk katin da kake so ya zauna a hannunka sai ka biya kuɗi 3, sannan ranar da za ka buga shi ka sake biyan kuɗin da ke rubuce a kusurwarsa.

Bari in gwada muku. A ce na ɗauki kamfanin Ecoline, ga shi, da kuɗi 36 yake farawa, kuma shi tsirrai 7 kawai yake buƙata ya dasa kurmi maimakon 8. Ga katuna 10 a hannuna, kowanne na duba sai ya ba ni sha'awa, idan na ce duka nake so kuɗi 30 sun tafi, saura 6, kuma da 6 ɗin nan kusan ba abin da zan iya bugawa, zangon farko ya wuce ina zaune da tulin kati abokan wasa suna ta gina hanyar samun kuɗinsu. Na ga wannan ya faru da sababbin 'yan wasa ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, kuma abin na damuna don daga nan mutum sai ya ce wasan ne ba daɗi, alhali kwaɗayin kati ne ya ɗaure shi.

Dubi wannan, Birds, katin tsuntsaye, yana da kyau ƙwarai don yana tara maki, amma ga sharaɗinsa a sama, sai oksijin ta kai kashi 13. Yanzu muna 0. Idan na saye shi yau kuɗi 3 ɗina sun kwanta kusan har ƙarshen wasa. A ajiye shi. Wannan kuma Lichen, sai zafi ya kai 24 ƙasa da sifili, taki 3 kacal daga inda muke, kuma yana ƙara min tsiron da nake samu duk zango, ya dace da Ecoline, wannan zan ɗauka. Ga Comet, kuɗinsa 21, yana ɗaga zafi taki 1 ya kuma ajiye teku, TR 2 ke nan a bugu ɗaya, sannan ya ƙone tsirrai har 3 na wanda ka ga dama. Shi ma ina so. Ni a ganina kati 4 ko 5 sun isa a farko, tambayar da nake yi wa kowane kati ita ce, zan iya buga ka cikin zango 2 ko 3 masu zuwa? Idan a'a ne sai in haƙura, ko da yana ƙyalli.

Kuma ko kati ya ƙi zuwa ba ka makale ba, akwai ayyukan da ke rubuce a allon, kowa na iya saya ko yaushe. Tashar lantarki 11, jefo dutsen sama don ɗaga zafi 14, teku 18, kurmi 23, birni 25. Sun fi kati tsada amma ba sa jiran sa'a. In ya zo kanka abu 1 ko 2 za ka yi sai na gaba, haka za a yi ta zagayawa har kowa ya ce ya wuce.

Wajen ajiye tayil ma akwai dabara. Duk tayil ɗin da ka sa kusa da teku za a ba ka kuɗi 2 kan kowane tekun da ya taɓa. Birni ba ya maƙwabtaka da birni, kuma a ƙarshe yana cin maki 1 kan kowane kurmin da ke jikinsa, ko kurmin na wani ne, to kar ka dasa kurminka inda abokin wasa zai zo ya kafa birni ya ci da guminka.

Sai waɗannan da ke ƙasan allon, mutane na yawan mantawa da su. Akwai matakai 5, misali wanda ya fara mallakar birni 3, ko kurmi 3, ko TR 35, ya biya 8 ya karɓi maki 5, kuma 3 kawai ake iya karɓa a duk wasan, don haka in ka cika sharaɗi kar ka ce sai zagaye na gaba, wani zai riga ka. Kyaututtukan da ke gefensu kuma ta farko 8 ce, ta biyu 14, ta uku 20, amma wanda ya biya ba lallai shi zai ci ba, sai ƙarshen wasa ake duba wanda ya fi.

To yanzu bari in rarraba kati mu buga zangon farko tare a hankali. Na riƙe 4, na biya 12, saura 24 a hannuna, kuma Comet zan fara jefawa, ku matso ku ga gurbin da zan sa tekun.