Zan koma Daura in tada gidan kakanmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaba, iyayenmu da ke zaune nan gaba, yayyena da ƙannena, iyayenmu mata da ke can baya da yara, barkanmu da war haka. Sakatare ya ce minti goma ne nawa, toh zan yi ƙoƙari, amma in na ɗan zarce dan Allah a yi mini afuwa, maganar ta daɗe tana cina.

Wasunku sun riga sun ji ƙishin-ƙishin, gaskiya ne. Na ba da notis a wurin aiki, kuma in Allah Ya kai mu kaka, da zarar an gama girbi ruwa ya ɗauke, zan tattara in koma gida bayan shekara 19 a nan Ingila. Ba Abuja ba, ba GRA ta Katsina ba, ƙauyenmu ta wajen Sandamu zan koma, in gyara gidan kakanmu na ƙasa in mai da shi masaukin baƙi.

Na ga wasu sun kalli juna. Ba komai, ni ma a gidana da farko haka aka kalle ni.

Bari in faɗa maku mafarin abin. A watan Agustan bara ƙanena ya turo mini bidiyo ta WhatsApp da asuba, ruwa ya kwana yana zuba, bangon zauren ta gabas ya zauna, azara ta fito waje kamar haƙarƙari, ga Baffanmu tsaye a gefe da buta a hannu ya kasa cewa komai. Wannan zauren a nan na yi karatun allo, a nan kakanmu yake shimfiɗa buzunsa, duk baƙon da dare ya yi wa a hanyar kasuwar Mai'adua a nan yake kwana, a kawo masa tuwo, ba a tambayarsa daga ina sai ya ƙoshi. Ina gama kallo sai ga saƙonni a guruf ɗin gida, kowa bakinsa ɗaya, a rushe kawai, yaya ka turo kuɗi a kawo bulo da kwano a huta. Wallahi ranar har na je aiki na dawo ban san me na yi ba.

A satin ne kuma wata baturiya da muke aiki tare take mana sallama, ita da mijinta sun sayar da gidansu za su koma Italiya, wani ƙauye a tsibirin Sisili, sun sayi kango za su gyara su riƙa saukar da baƙi. Ƙila kun ji labarin, akwai garuruwa can irin su Sambuca da matasa suka watse suka bar tsofaffi, a 2019 hukumar garin ta sa gidaje a gwanjo farawa daga yuro 1, da sharaɗin ka ajiye kuɗin jingina kuma ka gyara cikin shekara 3. Matar nan ba ta jin yarensu, ba ta da dangi ko ɗaya can, ba kabarin ubanta ba na kakanta, amma tana nuna mini hoton bangon da ya tsage kamar ta tsinci zinare. Ni kuma ina da nawa, na gado, ina jin yaren, liman ya san sunan ubana, ana ce mini in turo kuɗin rusau. A mota da zan dawo na kira ƙanena na ce kada wanda ya taɓa ko tubali ɗaya.

Iyayena kun fi ni sanin ginin nan, amma saboda yaranmu da aka haifa a nan bari in ɗan tsaya a kai, don su san ba talauci ne ya sa kakanninsu gini da ƙasa ba, ilimi ne. Ana haƙo jar ƙasa a kwaɓa da ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, sannan a mulmula tubali a shanya a rana. Bango daga ƙasa yana da kauri sosai, yana hawa yana sirancewa, kaurin nan ne yake riƙe zafin rana ba ya barinsa ya shigo sai dare, shi ya sa a watan Afrilu da bazara take gasa mutane za ka shiga soro ka ji kamar an zuba maka ruwan randa, da hunturu kuma ɗakin da ɗumi. Rufi da azara ake yi, daga itacen giginya, saboda gara ba ta cika cinta ba kuma tana daɗewa. In ɗakin babba ne sai a yi bakan gizo ko ɗaurin guga, magini ya riƙa jera azara yana ɗaurewa tana lanƙwasa har ta haɗe a sama, ba ƙarfe ba siminti. Sai indararo da zai kai ruwa nesa da bango, sai zankwaye a kusurwa, sai yaɓe da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, ko laso da ake haɗawa da katsin marina don ruwa ya riƙa zamewa. Duk wanda ya je fadar Sarkin Daura ko ya tsaya ƙarƙashin hasumiyar Gobarau a Katsina ya ga abin da ƙasa za ta iya, ɗaruruwan shekaru tana tsaye.

Abin da ya kashe namu gidan kuwa mu ne. Gidan ƙasa yana son a duba shi duk shekara kafin ruwa ya sauka, a toshe tsaga, a gyara indararo, a sake yaɓe. Da aka watse birni da ƙasashen waje ba mai yi. Kuma wani lokaci can baya ni da kaina na tura kuɗi aka shafe bangon da siminti, ina ganin gata na yi masa, ashe siminti ba ya kama ƙasa, ruwa ya shiga ta baya ya rasa hanyar fita, bangon ya jiƙe daga ciki har ya zube. Wani tsohon magini ne ya yi mini wannan bayanin da na je a watan Janairu, ya ƙwanƙwasa wurin da hannu na ji yana ƙara kamar ganga. Mutumin nan ya haura saba'in, yaransa duk sun koma aikin bulo ko acaɓa, ya ce in har zan yi aikin in yi shi yana da sauran ƙarfi. Wannan maganar ita ta sa na daina cewa sai na yi ritaya.

Tambayar da kowa ke yi mini ita ce wa zai zo. Toh Daura ce fa. Rijiyar Kusugu tana nan, labarin Bayajidda da Daurama ba yaron makarantar da bai san shi ba daga nan har Damagaram, ga Sallar Gani a watan Maulidi, ga hawan sallah, kuma kun ga yadda garin ya cika ya batse a watan Yulin 2025 da aka kawo gawar marigayi Muhammadu Buhari, Allah Ya jiƙansa, mutane suka rasa wurin kwana. Ga Jami'ar Sufuri, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, malamai da iyayen ɗalibai suna zuwa, ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi da ake ginawa wanda ya bi ta Daura. Amma gaskiya ba su na fi sa wa rai ba. Ku na fi sa wa rai. Mu nawa ne a ɗakin nan muke kai yara gida hutu mu ajiye su a otal a Kano ko Katsina, a yi yini ɗaya a ƙauye a gudu kafin magariba saboda ba banɗakin da za su iya shiga? Yaro ya dawo bai san rumbu ba, bai ga ana sussuka ba, bai taɓa kwana yana jin kukan jaki da kiran assalatu ba tare da janareta ba.

Don haka ɗaki 6 zan fara da su, kowanne da banɗakinsa na zamani, shi kam da bulo za a yi shi a ɗan ja shi daga jikin tsohon bangon saboda laima. Sola da batir, rijiyar burtsatse wadda maƙwabta ma za su ɗiba, gidan sauro a kowane gado. Abinci na gida, fura da nono, tuwon dawa miyar kuka, ɗanwake, matan unguwar ne za su dafa a biya su.

Ba zan ɓoye maku wahalar ba. Gidan gado ne, mu 14 ke da haƙƙi a ciki har da gwaggonnina, sai da muka zauna sau uku gaban dagaci da liman, aka ƙiyasta rabon kowa, wasu na biya su, wasu suka ce a bar nasu a matsayin hannun jari, aka rubuta kowa ya sa hannu. Dan Allah duk mai niyyar irin wannan ya fara da nan, kada ka sa ko kwabo sai an yi takarda. Sannan da aka ji kalmar otal hankalin dattawa ya tashi, kuma suna da gaskiya, sai da na yi masu bayani cewa masauki ne, ba giya ba shashanci, zaure na nan a matsayinsa na zaure kuma ɗaki ɗaya na bar shi kyauta don baƙon da dare ya yi wa, kamar yadda kakanmu ya saba. Maganar tsaro kuma ba wanda zai ce babu ita a jiharmu, 'yan'uwanmu na Jibiya da Batsari da Safana da Faskari sun sha wuya, wasu a nan sun rasa nasu, Allah Ya kawo mana ƙarshensa. Ɓangarenmu na Daura da sauƙi alhamdulillah, amma duk da haka ba zan ce wa kowa ya yi tafiyar dare ba.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne yarana. Ni gida zan koma, su kuwa ƙasar waje za su, autata da Turanci take mafarki. Mun yi shawara da mamansu, manyan biyu za su zauna su ƙarasa karatu, ita da ƙaramar za su biyo ni in ɗakuna sun kammala. Ina roƙon iyayenmu mata ku sa mini ido a kansu, amana ce na bar maku.

Ban zo neman gudummawar kuɗi ba shugaba, asusun ƙungiya na marasa lafiya ne da kai gawa gida, a bar shi a haka. Abin da nake nema, duk wanda aka kira shi daga gida aka ce za a rushe tsohon gini, ya ce a dakata, ko ba komai a cire azarar a ajiye kada a yi makamashi da ita, zan saya, don giginya ta yi wuya yanzu. Wanda kuma ya san wani tsohon magini a garinsu, Mani ko Baure ko Zango ko ina ne, ya ba ni labari bayan taro, ina so in haɗa su da samari ko biyar ne su koya a kan aikin nan ana biyansu. Na bar takarda wurin sakatare, mai son zuwa da iyalinsa Gani mai zuwa ya rubuta sunansa da yawan yara don in san ɗakin da zan fara rufewa.

Wanda na ɓata wa a shekarun nan ya yafe mini, ni ma na yafe. A sa mu a addu'a. Na gode, wassalamu alaikum.