Daga Saye Zuwa Haya: Lacca Kan Inda Wasannin Bidiyo Suka Dosa

Assalamu alaikum warahmatullah. Malamai, ɗalibai da sauran 'yan uwa da suka halarci wannan zama, ina godiya da damar da aka ba ni. An ce in faɗi ra'ayina kan wasannin bidiyo, waɗanda yaranmu suke kira gem, kuma zan fara da shaida muku cewa ni ba ɗan kallo ba ne a wannan harka, domin na buga, na ci, an kuma cinye ni. Saboda haka duk wanda ya zo da zaton zan tsine wa gem baki ɗaya, to ya yi mini afuwa tun yanzu.

Wanda ya taso a farkon shekarun 2000 zai tuna shagon gem na unguwa: ɗaki ɗaya, benci biyu, talabijin mai ƙeya a kan tebur, sai na'urar PlayStation 2 da aka lulluɓe da tsumma saboda ƙura. Mutum ya biya kuɗin wasa ɗaya na ƙwallon ƙafa, wanda aka ci ya miƙa fad, wato abin riƙewar da ake buga wasan da shi, ya koma baya, wanda ya ci ya zauna daram. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar wasa, musun da zai ɓarke kafin mai shago ya tayar da janareta ya fi wasan kansa daɗi, domin wanda ake ci biyu da nema zai rantse cewa yanzun nan yake shirin farkewa. Abin lura a wancan zamani shi ne, komai yana da iyaka. Wasa yana da ƙarshe, kuɗinsa sananne ne tun kafin a zauna, shi kuma mai shago da ya sayi faifai ya saya ke nan, babu wani kamfani a Japan ko Amurka da zai sake tambayarsa ko sisi. A haka kamfanin Sony ya sayar da wannan na'ura fiye da miliyan 150 tun daga fitowarta a shekarar 2000.

Maganar da na zo da ita yau ita ce, wannan tsari na saye ya kusa ƙarewa, an maye gurbinsa da haya, kuma mafi yawan abin da iyaye suke kuka da shi game da gem daga nan ya samo asali.

Mu ɗauki wasan ƙwallon ƙafa na FIFA, wanda kamfanin EA ya fara fitarwa a 1993, aka kuma sauya masa suna zuwa EA Sports FC a 2023 bayan kamfanin ya raba gari da hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya. A shekarar 2009 aka ƙara masa wani sashe mai suna Ultimate Team, inda mai wasa yake haɗa ƙungiyarsa da katunan 'yan wasa. Hanya mafi sauri ta samun katunan ita ce sayen ƙunshi a rufe, ba ka san abin da yake ciki ba sai ka buɗe, wataƙila ka dace da shahararren ɗan wasa, mafi yawan lokuta kuwa tarkace za ka kwasa. Ba a bar buɗewar haka nan kawai ba, sai da aka yi mata ado da walƙiya da kiɗa da ɗan jinkiri, ana nuna maka tutar ƙasar ɗan wasan, sannan gurbin da yake bugawa, sannan kulob ɗinsa, zuciyarka tana dukan uku-uku kafin fuskarsa ta bayyana. Da shekara ta zagayo aka fitar da sabon wasa, ƙungiyar da ka kashe wa kuɗi ba za ta bi ka ba, sai ka sake sabon lale.

Ni dai ban san sunan da za a kira biyan kuɗi tabbatacce a kan abin da sa'a ce kawai take yanke shi ba, in ba caca ba. Kamfanonin suna cewa ba caca ba ce tunda kowane ƙunshi yana ɗauke da wani abu, kuma babu wata hanyar da suka amince da ita ta mayar da katin ya zama kuɗi. Hukumar da ke kula da caca a Beljiyam ba ta karɓi wannan uzuri ba, a 2018 ta ce irin waɗannan akwatunan sa'a da ake saye da kuɗi sun saɓa wa dokar ƙasar, kuma a farkon 2019 EA ya daina sayar da makin da ake sayen ƙunshin da shi a can. Ga malamanmu na fiƙihu a zaune, na bar musu hukuncin cinikin abin da ba a san shi ba, sun fi ni sanin babinsa.

Daga nan sai wasannin da ake ce wa na kyauta, su ne kuma suka cika wayoyin yaranmu. Fortnite da Free Fire duka a 2017 suka fito, PUBG ya shigo waya a 2018, Call of Duty na waya ya biyo baya a 2019, hatta tsohon abokinmu Pro Evolution Soccer na kamfanin Konami ya koma eFootball a 2021, ana sauke shi ba tare da biyan ko kwabo ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado, to ina ga kyauta? Kamfanin da ya ɗauki ɗaruruwan ma'aikata ba sadaka ya fito yi ba. Tunda bai karɓi kuɗi a bakin ƙofa ba, dole ya tsara wasan yadda ba za ka fita ba: tukuicin da ake ba wanda ya leƙo kowace rana, tikitin zangon wasa da yake ƙarewa bayan 'yan makonni, rigar ɗan wasan cikin gem da aka ce yau kaɗai za a sayar. Sannan ba a rubuta farashi da naira ko dala, sai da lu'ulu'u ko wasu sulallan cikin wasa, domin hannu ya fi saurin sakin abin da bai yi kama da kuɗi ba. Wannan ba zargi ne nawa ba. A watan Disambar 2022 kamfanin Epic Games, mai Fortnite, ya amince ya biya dala miliyan 520 bayan hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka ta tuhume shi, kuma miliyan 245 daga ciki na mayar wa mutanen da tsarin maɓallan wasan ya sa suka sayi abin da ba su yi niyya ba ne.

Ana yawan tambayata ko gem yana sa yaro ya zama mai tashin hankali. Gaskiya wannan bai dame ni kamar cin lokaci ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da kamuwa da jarabar gem cikin kundinta na cututtuka a 2019, amma ta gindaya sharuɗɗa: mutum ya kasa riƙe kansa, wasan ya ture masa sauran al'amuran rayuwa, ya kuma ci gaba duk da yana ganin ɓarnar, galibi har tsawon wata 12. Yaron da ya buga awa biyu ranar Asabar bai shiga wannan layi ba. Ƙasar Sin kuwa ta ɗauki matakin da ya fi na kowa tsauri, inda a 2021 ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa ɗaya, daga ƙarfe 8 zuwa 9 na dare, a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Ban goyi bayan gwamnati ta shiga ɗakin yaro da agogo ba, aikin uwa da uba ne, sai dai ya kamata uban ya san cewa da ƙwararrun da ake biya albashi don su riƙe masa ɗa yake kokawa.

Kada a ce na ga baƙi kawai. Har yanzu ana yin wasannin da ake saya sau ɗaya a more su. Minecraft, wanda aka sayar da fiye da kwafi miliyan 300, yana koya wa yaro gini da tsari da haƙuri fiye da wasu darussan aji. Stardew Valley, wasan noma da kiwo da ya fito a 2016, mutum ɗaya ne mai suna Eric Barone ya rubuta shi, ya zana hotunansa, ya tsara kiɗansa, ya kuma ci gaba da ƙara masa abubuwa shekara da shekaru bai nemi ƙarin kuɗi ba. Wannan ya isa hujja cewa tatsar mai wasa zaɓi ne da kamfani yake yi, ba dole ba ce.

Abu na ƙarshe da ya fi ba ni takaici shi ne, ko wanda ka biya cikakken kuɗinsa ma yanzu ba lallai naka ba ne. Kamfanin Ubisoft na Faransa ya fitar da wasan tseren mota mai suna The Crew a 2014, wasan da ba ya tashi sai ya haɗu da manyan kwamfutocin kamfanin ta intanet. A ƙarshen watan Maris na 2024 aka kashe waɗannan kwamfutoci, sai ga mutane riƙe da faifan da suka saya da guminsu, sun sa a na'ura ya ƙi buɗewa. Abin ya harzuƙa masu wasa har suka tara sa hannun mutum fiye da miliyan ɗaya suna neman Tarayyar Turai ta hana irin wannan, ita kuma jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta tilasta wa shagunan intanet su fito fili su gaya wa mai saye cewa izinin amfani kawai ya biya. Tsohuwar na'urata ta PlayStation 2 tana nan a gida cikin kwali, kwanan baya na kakkaɓe ta na jona wa yarana, faifan ƙwallon da na saya tun ina saurayi ya tashi lafiya lau, ƙaramin cikinsu ya zura mini uku babu ko ɗaya.