Jawabin Maraba ga Mai Girma Jakadan Najeriya a Ziyararsa ta Tamale

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma Jakadan Najeriya a Gana, masu martaba sarakunan zango, limamai da malamai, tsofaffin sojoji da 'yan sanda, iyayenmu mata, da dukan jama'ar da suka halarta.

Ranka ya daɗe, barka da sauka, sannu da hanya. Tafiyar da mota take cinyewa a yini guda daga Kumasi zuwa nan, a da sai an yi fiye da mako biyu ana taka ta da ƙafa. Mutanen da suka taka ta, suka tsare ta, suka kuma tsaya a kan masu share ta, su ne muke so mu gabatar maka, domin tushensu yana ƙasarka.

A 1863 Kyaftin Glover, wani hafsan Ingila, ya tara 'yan tsirarun Hausawa a Legas, yawancinsu bayin da suka gudo, ya ba su bindiga. Su ne aka ɗebo zuwa yaƙin Ashanti na 1873 da 1874, kuma daga cikinsu aka kafa Kwanstabularin Gwalkwas, wato rundunar 'yan sanda masu bindiga ta ƙasar da yanzu ake kira Gana, a 1879. A 1901 aka mai da shi rundunar soja sosai. A 1907, shekarar da hedkwatar Arewacin Gwalkwas ta tashi daga Gambaga ta dawo Tamale, aka kafa wa wannan yanki nasa Kwanstabularin, wanda ya yi aiki har 1929 da aka haɗe shi da 'yan sandan ƙasa. Ana kiransu Hausawa, amma a cikin sahu akwai Mosawa, Gurunsawa, Dagwamba, Zabarmawa da Wangarawa. Hausa ce harshen fareti da na bariki, ita ta haɗa su. Shi ya sa a rajista ake ganin sunan mutum sannan sunan ƙabilarsa a matsayin sunan uba.

Kurtu guda nauyi uku yake ɗauke da shi: na soja, na ɗan sanda, da na mai tsaron aikin gwamnati.

Aikin soja ya fara ne da tseren mallakar ƙasa. Ingila, Faransa da Jamus kowa yana son ya riga kafa tuta, ga mayaƙan Samori Ture, shugaban Mandinka, a yamma, ga Babatu da Zabarmawansa a ƙasar Gurunsi. A 1897 mutanen Samori suka ci ƙarfin wata ƙaramar tawagar Ingila a wajen Wa, aka kashe ma'aunin ƙasa George Ekem Ferguson. Yarjejeniyar da Ingila ta yi a 1898 da Faransa ta tsai da iyakar arewa, ta 1899 da Jamus ta raba ƙasar Dagwamba, Yendi ta faɗa hannun Jamus. A 1900 da Tonawa, wato Ashantawa, suka kewaye ganuwar Turawa a Kumasi, Manjo Morris ya taso da mutanensa daga Gambaga, tafiyar fiye da mil 300, suka shiga garin ranar 15 ga Mayu. A Agustan 1914 kuma Kwanstabularin Arewa ne suka shiga Yendi.

Ayarin yaƙi a kan 'yan dako yake tafiya. Kaya guda laba 60 ne, tafiyar yini kuma kamar mil 15. Dawaki ba sa daɗewa a kudu saboda tsando, don haka igwa ma sai an kwance ta gunduwa-gunduwa a ɗora a kai. Ɗan dako kuwa ci yake yi, in tafiya ta yi nisa sai ya cinye kusan abin da ya ɗauko, daga nan ayari ya koma kan rumbunan ƙauyukan da ke hanya. In aka ci karo da abokan gaba a fili, sai a ja sahu kusurwa huɗu, 'yan dako a tsakiya, bindiga mai ruwa a kusurwa. Ita wannan bindiga tana buƙatar ruwa kamar lita huɗu don sanyaya bakinta, ɗamarar harsashinta mai cin 250 ta zane ce, in ta jiƙe sai ta kumbura ta cije. Bindigar Martini da kurata suke riƙewa kuwa harsashi ɗaya take ci, in ta yi zafi kwanson yakan maƙale sai an zaƙulo shi.

Aikin 'yan sanda shi ne na kullum. Gadin baitulmali da kurkuku, rakiyar kuɗi da jakar wasiƙa, kai sammaci, raka Disi, wato Baturen gunduma, rangadi, sintiri a bakin iyaka don kama masu fasa-ƙwaurin bindiga, albarushi da barasa. A mafitar kogi da mararrabar hanyoyin fatake, su suke tsayawa a karɓi kuɗin fito a kan goro, shanu da gishiri, har zuwa 1908 da aka soke harajin ayari. Lokacin annobar sanƙarau ta 1906 zuwa 1908, da murar 1918, gwamnati ba ta da wasu hannaye a karkara da suka wuce nasu.

Ranka ya daɗe, a kan nauyi na uku muke so mu ɗan daɗe, don shi aka fi mantawa, shi ne kuma talakawa suka fi ji a jika. Hanya a wancan zamani da fartanya, gatari da kwando ake yin ta. A sare daji, a tumɓuke kututture, a haƙa lambatu dama da hagu, a tara ƙasar a tsakiya ta yi doro don ruwa ya gangare, inda aka sami marmara a zuba a daɓe. In doron ya baje, damina guda ta isa ta mai da hanya rafi. Ƙananan kadarko da azarar giginya ake yi, don gara ba ta cin ta da wuri kamar sauran itace. Inda aka yi ganganci aka kafa ɗanyen ice mai taushi, ba a shekara biyu sai a sake. Turakun wayar tangaraho ma gara da wutar daji ne abokan gabarsu, dole a share ciyawar gindinsu kafin kaka ta ƙare. A kowane zango na tafiyar yini ana gina masauki na laka da jinka, kuma jinkar sai an riƙa sabuntawa. Rijiyar bariki in ba a ɗaure bakinta ba, ko aka bar mutane suna shan ruwan tafki, kurkunu yakan kwantar da kurata daidai lokacin damina.

To su wa suke yin wannan aiki? Talakawa ne, aikin tilas. Disi ya aika wa sarki adadin mutanen da yake so, kurtu ya je ya taho da su, ya tsaya a kansu. A nan ɓarnar take. Damina a Arewa guda ce, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, in aka ɗebe majiya ƙarfi lokacin shuka ko noman farko, gidan ya shiga yunwa a baɗi. Kurtun da aka tura ƙauye shi kaɗai, ba kofur ba saje, yakan karɓi kaza da akuya da sunan gwamnati. Har ɓata-gari suka gane cewa jar dara irin ta kurata kaɗai ta isa a tsorata ƙauye, suka riƙa sa ta suna ƙwace. A 1911 da aka kai farmaki duwatsun Tongo, an kori Talensawa daga gidajensu da wuraren bautarsu. Mutumin da ya zo kamun ɗanka don aikin hanya jiya, da wuya ka kai masa ƙarar ɓarawo yau. Muna faɗin haka ne a gaban jikokin kuratan, waɗanda da yawansu suke zaune a wannan zaure, domin su ma kuratan talakawa ne marasa takalmi, wasunsu daga bauta suka faɗa bariki, kuma da suka ajiye kaki su suka ƙara wa zangunan Kumasi, Akra da Tamale yawa.

Ga roƙonmu, ranka ya daɗe. Takardun wannan runduna a warwatse suke. Na Arewa suna ma'ajiyar tarihi ta gwamnati a nan Tamale da Akra, abin da ya shafi Legas kuma sai an nema a ma'ajiyar Ibadan. Takarda ce ta fiye da shekara ɗari, zafi da ƙwari suna cin ta. Muna roƙon ofishinka ya shiga tsakani a ɗauki hoton rajistocin ɗaukar kurata na ɓangarorin biyu, a yi musayar kofe, a ajiye inda ɗalibi da mai neman sunan kakansa za su iya gani ba tare da sun ƙetare iyaka ba. Mun tanadi matasan da suka iya karatun tsohon rubutun hannu, boko da ajami, a shirye suke su fara da zarar an ba da izini.

Allah ya ja zamaninka, ya sa ka gama wannan ziyara lafiya, ya mai da kai gida lafiya. Yanzu muna gayyatarka ka yi wa jama'a jawabi.

Wassalamu alaikum.