Amsoshin Tambayoyinku: Gonar Inabi ta Klein Constantia

Wani mai sauraronmu daga Damagaram ya rubuto yana cewa ya ji labarin wata tsohuwar gonar inabi a Afirka ta Kudu wadda sarakunan Turai suke yi wa giyarta rububi, yana son sanin tarihinta da yadda ake sarrafa inabin. To, Malam, mun gode da wasiƙarka, kuma gonar da kake nufi tana yankin Constantia ne, a gefen birnin Cape Town.

Gwamnan Turawan Holan na yankin Cape, Simon van der Stel, shi ya kafa babbar gonar Constantia a 1685, sannan aka rarraba filin bayan rasuwarsa a 1712. Iyalan Cloete, waɗanda suka sayi babban ɓangaren a 1778, su suka ɗaukaka sunanta, har ta kai Napoliyon, tsohon sarkin Faransa, yana shan giyar wannan yanki lokacin da yake tsare a tsibirin Saint Helena. Sai dai abin da ba a cika faɗa ba shi ne, bayi ne suka yi noman da tatsar, kuma a bakin ƙofar Klein Constantia, wato ƙaramin ɓangaren, akwai hubbaren Shehu Abdurahman Matebe Shah, wanda Turawan Holan suka koro daga yankin Sumatra a ƙarni na 17. Musulmin Cape Town suna ziyartarsa har gobe.

Game da sarrafawa kuwa, sirrin yana ga haƙuri. Ba a tsinke inabin, wanda ake kira Muscat de Frontignan, da zarar ya nuna. Ana barinsa a jikin itacen har ya yanƙwane ya kusa zama zabibi, ruwansa ya ragu, zaƙinsa ya taru. Idan an matse shi aka bar shi ya tsima, ƙwayoyin yis ba sa iya cinye sukarin duka, shi ya sa zaƙin yake saura, sannan a ajiye shi shekaru cikin gangunan katako.

Cutar fumfuna da ƙwaron filoksera, mai cin saiwa, sun durƙusar da sana'ar a ƙarshen ƙarni na 19. Sai bayan da Duggie Jooste ya sayi Klein Constantia a 1980 aka sake dasa irin wancan inabi, kuma daga amfanin 1986 aka fara zuba giyarsa a ƙananan kwalabe masu siffar na da, da sunan Vin de Constance.