Dala goma idan an mayar da bawa, dala biyar idan an sake shi

Jama'a masu sauraro, sharhinmu na yau ya leƙa Amurka ne, kan dokar kamo bayin da suka gudu daga jihohin Kudu masu bauta zuwa jihohin Arewa, wadda Shugaba Millard Fillmore ya sanya wa hannu ranar 18 ga Satumba, 1850.

Tun 1793 akwai irin wannan doka, amma ta yi sanyi. A 1842, a shari'ar wani mai kamo bayi mai suna Prigg da jihar Pennsylvania, Kotun Ƙoli ta ce kamo bawa nauyin gwamnatin tarayya ne, ba dole jihohi su ba da jami'ansu ba. Nan take Massachusetts da wasu jihohin Arewa suka hana amfani da gidajen yarinsu wajen tsare wanda aka kama. Masu bayi na Kudu suka tada ƙayar baya, aka ba su doka mai tsauri.

Ga yadda take aiki a wancan lokacin. Ubangidan bawa zai yi rantsuwa a kotun jiharsa, ya karɓi takarda mai ɗauke da kamannin wanda ya gudu. A Arewa sai a gurfanar da mutumin gaban kwamishinan tarayya. Ba a kiran ayarin 'yan ƙasa masu yanke hukunci, kuma ba a karɓar shaidar wanda aka kama, ko da ɗa ne tun haihuwa. Idan kwamishina ya miƙa shi, ladarsa dala 10. Idan ya sake shi, dala 5. An ce wai rubuce-rubucen miƙawa sun fi yawa. To, kowa dai ya san inda ma'aunin zai rinjaya.

Wanda ya ɓoye bawa ko ya taimaka masa, tararsa na iya kai dala 1,000 da ɗaurin wata 6. Jami'in tarayya kuma yana da ikon kiran duk wani mai wucewa ya taya shi kamu. Wannan sashe ne ya fi harzuƙa mutanen Arewa, domin wanda a da yake cewa ba ruwansa da bauta, yanzu doka ta mai da shi ɗan farauta.

A 1854 sai da aka jibge sojoji a titunan Boston kafin a iya kai mutum ɗaya, Anthony Burns, bakin jirgin ruwan da zai mayar da shi Virginia. A shekarar nan kuma jama'a suka fasa kurkuku a Milwaukee suka fitar da Joshua Glover, ya tsallaka Kanada.

Abin lura shi ne, Kudun da ke yawan kirarin 'yancin jihohi, ita ce ta nemi ƙarfin tarayya ya danne dokokin jihohin Arewa. Da jihar South Carolina ta ɓalle daga tarayyar Amurka a Disamba 1860, ƙin mayar da bayi na cikin manyan dalilan da ta rubuta. Majalisa ba ta soke dokar ba sai a Yuni 1864, ana tsakiyar yaƙin basasa.