Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Ilimi, daga Bakin Shugabar Makaranta

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Mai girma Kwamishinan Ilimi, babban baƙonmu na yau, Babban Sakatare da daraktocin da suka rufa masa baya, Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma, iyayenmu masu riƙe da sarauta, malamanmu na addini, shugaban kwamitin gudanar da makaranta da na ƙungiyar iyaye da malamai, 'yan'uwana malamai, 'ya'yana ɗalibai, sauran jama'a maza da mata, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, sannu da zuwa, sannu da hanya. A madadin malamai da iyaye da 'yan matan nan da ka gani sun yi sahu tun daga bakin ƙofa, ina yi maka lale marhabin. Mun san yawan makarantun da ke wuyanka, mun san takardun da ka baro suna jiran sa hannu. Da ka so, da rahoto ka ce a rubuto maka, ka karanta a ofis. Ka zaɓi ka tako da ƙafarka, kuma gani ya kori ji. Allah ya ba da ladan tattaki.

Bari in tona asirinmu tun kafin wani ya tona. Ranar da takardar zuwanka ta iso, mun zauna taron malamai, aka kawo shawarar a shafe bangon gaba da fenti, a kwashe karyayyun kujeru a kai bayan sito, a ce yaran da ba su da cikakkun kayan makaranta su koma layin baya. Na san haka ake yi, ni ma na taɓa yi, Allah ya yafe mana. Sai wata dattijuwar malama, wadda ta riga ni fara aiki, ta ce, "Hajiya, ranar wanka ba a ɓoye cibi." A nan maganar ta mutu. Shara kawai muka yi. Abin da za ka gani yau shi ne abin da yaran nan suke gani kullum.

Yabon gwani ya zama dole. Ginin azuzuwan da ke hannun damanka gwamnati ce ta yi mana, kuma tun da aka buɗe shi muka daina karatu a gindin bishiya. An turo mana sababbin malamai, ciki har da na lissafi da muka daɗe muna roƙo. Albashi yana zuwa. Wanda bai taɓa tsayawa gaban aji da yunwar wata biyu ba, ba zai san nauyin wannan 'yar gajeriyar magana ba. Mun gode, Allah ya ƙara arziki.

To, ranka ya daɗe, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma tunda mai gyaran ne ya shigo da kansa, zan nuna.

Ba doka muka rasa ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara 9, daga aji ɗaya na firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne. Ta ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don wannan aiki, da sharaɗin jiha ta ajiye nata rabin kafin ta ɗauki na tarayya. A 2015 ƙasashen duniya sun taru a birnin Incheon na Koriya ta Kudu, suka amince kowace ƙasa ta riƙa kashe kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na kasafinta a kan ilimi. A tarurruka ana yawan cewa kashi 26, har ya zama karin magana, amma abin da ke rubuce a waccan sanarwa shi ne na faɗa. Ka fi ni sanin duk wannan. Na kawo shi ne don in ce daga inda nake zaune, yawan kuɗin ba shi ne abin da ya fi hana ni barci ba. Abin da ke hana ni barci shi ne hanyar da kuɗin ke bi, da lokacin da yake isowa.

Ga misali a kusa. Rijiyar burtsatsen da ke bayan ofishina an haƙa ta da kuɗi masu kauri. Wata rana famfon ya tsaya, mai gyara ya duba ya ce wani ɗan ƙarfe ne ya ci, bai kai tsawon yatsa ba. Na rubuta takarda. Ta tafi ofis na farko, aka ce a ƙara kwafi. Ta wuce na biyu, mai sa hannu yana hutu. Kafin amsa ta dawo an yi jarrabawa an tashi, kuma duk tsawon zangon nan yara da jarka suke zuwa daga gida, wadda ba ta kawo ba ta wuni da ƙishi. Daga ƙarshe malamai ne suka yi karo-karo daga aljihunsu. Ban ga laifin kowa a ofisoshin nan ba, tsarin ne aka yi shi don manyan ayyuka. Akwai kuɗin gina aji, babu kuɗin sayen kwaɗon da za a kulle shi. Doka ta hana ni karɓar ko kwabo daga hannun iyaye, kuma ina goyon bayan wannan hani ɗari bisa ɗari, domin na ga yarinyar da kuɗin tsintsiya ya zaunar a gida. Amma idan an hana ni karɓa daga ƙasa, ba a kuma sakko mini da shi daga sama ba, da me zan sayi alli?

Roƙona shi ne a riƙa saka wa kowace makaranta ɗan kuɗin gudanarwa kai tsaye a asusunta, gwargwadon yawan ɗalibanta, a makon farko na zango. Ko kaɗan ne, in dai an san ranar zuwansa, za a iya tsara aiki a kansa. Kada ya fita sai da sa hannuna da na shugaban kwamitin makaranta. A tilasta mana liƙa lissafin abin da ya shigo da abin da aka kashe a allon sanarwa, inda kowace uwa za ta iya tsayawa a karanta mata. A turo masu bincike ba tare da sanarwa ba. Wanda ya ci, a hukunta shi, ko da ni ce.

Wani zai ce wannan maganar kuɗi ce, kare yara kuma wani babi ne daban. A takarda haka ne. A cikin makaranta abu ɗaya ne. Idan an tashi tara, ka zagaya wajen banɗakunanmu, za ka ga yarinya ta shiga, ƙawarta ta tsaya a waje ta dafe ƙofa da hannu biyu, saboda sakata ta cire tun bara. Wadda ba ta da ƙawar da za ta riƙe mata sai ta haƙura har a tashi, ko ta fita bayan makaranta inda idon kowa ba ya kanta. Ka buɗe rajistar manyan azuzuwa, za ka ga wasu sunaye da ke ɓacewa kwana uku ko huɗu a kowane wata, su dawo, su sake ɓacewa. Mu mata mun san dalili, ba sai an faɗa a gaban iyaye ba. Ruwa da ƙofa mai sakata da malama mace da za a iya raɗa wa magana, su ne maganin wannan giɓi. Haka ɗalibarmu mai keken guragu, wadda kullum sai 'yan ajinsu sun ɗaga ta sun haura da ita matakala. Sabon ginin ma da matakala aka yi shi.

Babu wanda ya manta daren watan Afrilu na 2014 da aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantarsu a Chibok, ko abin da ya biyo baya a Dapchi a 2018. Tun daga nan kowace uwa da ke sallamar 'yarta da safe tana yi ne da addu'a a baki. An ƙaddamar da Sanarwar Kare Makarantu a birnin Oslo a 2015, ƙasarmu na cikin waɗanda suka amince da ita, har Abuja ta karɓi baƙuncin babban taronta na duniya a 2021. Mu a nan katangarmu ta gabas ta zube da damina, dabbobi da masu yanke hanya suna ratsawa ta tsakiyar fili ana cikin darasi. Maigadinmu mutumin kirki ne, amma shi kaɗai ne, kuma fitilarsa ce makaminsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sai dai, yallaɓai, ɗan bindiga ba shi ne haɗarin da ya fi kusa da yaro ba. Wanda ya fi kusa ba ya ƙara. Shi ne mai shagon da ke tare yarinya a hanyar gida. Shi ne babbar ɗaliba da ke ƙwace wa ƙarama kuɗin tara. Wani lokaci kuma, ina faɗa da nauyin baki, malami ne da ke cewa a same shi bayan an tashi. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta ce duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne, kuma hakan ya haɗa kusan duk wadda ke zaune a filin nan. Tambayar da nake yi wa kaina ita ce, in abu ya sami ɗaya daga cikinsu yau, wa za ta gaya wa? In ta gaya mini, ni wa zan kira kafin magariba? A yanzu amsar ta dogara da wanda na sani da lambar da ke cikin wayata. Bai kamata lafiyar yarinya ta rataya a kan sanayyar shugabar makaranta ba. Muna buƙatar malamar ba da shawara da aka horar, wadda wannan ne aikinta, da jami'in walwalar jama'a da aka ce namu ne, da rubutacciyar hanya da ke cewa daga nan sai nan, cikin kwana kaza.

Akwai kuma wata al'adar aiki da nake roƙon ka kashe ta da alƙalaminka. A shekarun da na yi ina koyarwa, na ga an kama malami da laifin da bai kamata ya sake kusantar aji ba, iyaye suka yi shiru don gudun abin kunya, manya suka sa baki, aka rufe maganar da takardar sauyin wurin aiki. Aka kai shi wata makaranta inda babu wanda ya san shi, aka miƙa masa 'ya'yan wasu. Malaman kirki su ne mafi yawa, kuma su wannan abu ya fi ci wa rai. Wanda bincike ya tabbatar da laifinsa, a kai sunansa hukumar rajistar malamai, a karɓe lasisinsa, sauran kuma a bar wa kotu.

Ba zan wanke kanmu ba. Da bulala aka rene ni, kuma da na fara aiki da ita na shiga aji, ina ganin tarbiyya nake yi. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta ce horo a makaranta ya kasance bai zubar da mutuncin yaro ba. Amma abin da ya sa na ajiye bulala wata yarinya ce da na zane saboda makara, daga baya na ji cewa ita ke jinyar mahaifiyarta kafin ta fito. Yanzu mun hana duka a nan. Ba duk malamai ne suka ji daɗi ba, domin riƙe cunkusasshen aji ba sanda abu ne da ake koya, kuma babu wanda ya koya musu. A ba su horo. Muna da masu makara a cikinmu, muna da masu barin aji su tafi harkar gabansu, ina kuma rubuta su. Masu duba makarantu in sun zo, don Allah kada su tsaya a ofishina suna duba littafin shirin darasi. Su shiga aji su zauna a bencin baya.

Abu ɗaya da muka fara da kanmu, wanda bai ci ko sisi ba, shi ne kiran suna da gaske. Duk yarinyar da ta yi kwana uku ba a gan ta ba, malamar ajinta da uwa ɗaya daga cikin kwamiti suna zuwa gidansu. Wata ciwo ne, wata talla ce, wata an fara maganar aurenta. Ba kullum muke nasara ba, amma akwai waɗanda ke zaune a gabanka yanzu da ta wannan hanya suka dawo. Ba zan nuna su ba. Ina gode wa iyayen nan mata da ke barin sana'arsu su bi mu gida-gida, da iyayenmu sarakuna da limamai da ke shiga inda mu ba za mu iya shiga ba.

Ranka ya daɗe, na tsawaita, a gafarce ni. An rubuta waɗannan buƙatu a takarda guda, shugabar ɗalibai za ta miƙa maka ita da hannunta. Allah ya yi maka jagora a wannan nauyi da ka ɗauka, ya mayar da kai da tawagarka gida lafiya, ya raya mana yaran nan.

A jadawalin da aka buga, zagayen zai fara ne daga sabon gini. In ka amince, ina so mu sauya, mu fara ta baya, wajen katangar da ta zube, mu biyo ta banɗakuna, sannan mu ƙare a inda ake ɗaukar hoto. Bismillah, ranka ya daɗe.